Haske igiya ne ko ƙwayoyi?

Tambaya

Wani malamin fiziks a makarantar sakandare ya rubuto yana cewa: "A farkon shekara na koya wa 'yan ajina cewa haske igiya ne kamar igiyar ruwa, har na zana musu tozo da kwari a allo. Da muka zo darasin yadda haske ke fizgo elektiron daga jikin ƙarfe, sai na ce musu haske ƙwayoyi ne da ake kira foton. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malam, wanne ne gaskiya? Na ce mata duka biyun, wani lokaci igiya, wani lokaci ƙwaya. Ba ta gamsu ba, ni ma haka. Sannan ina jin ana cewa haske yana canja hali idan mutum ya kalle shi. Ina gaskiyar lamarin?"

Amsa

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka riƙe wannan ɗaliba hannu bibbiyu, domin tambayar da ta yi ita ce ta hana manyan masana barci tun daga 1905 har zuwa wajen 1927, kuma ƙin gamsuwar da ta yi daidai ne. Amsar nan ta "wani lokaci igiya, wani lokaci ƙwaya" tana cikin littattafai da yawa, amma ni ba na son ta, saboda tana sa yaro ya ɗauka haske yakan zaɓi abin da zai zama. Halin haske ɗaya ne kullum. A hanya, dokar igiya ce ke tsara inda zai iya zuwa da inda ba zai je ba. A wurin sauka, dunƙule guda yake sauka, a wuri guda, ba ya rabuwa. Ana ganin duka biyun a gwaji ɗaya, kuma zan kai ka ga wannan gwajin. Sai dai mu bi ta hanyar da aka bi, don ka ga cewa gwaje-gwaje ne suka yi ta toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har wannan kaɗai ta rage.

Mu fara da abin da ya raba igiya da ƙwaya. Jefa duwatsu biyu cikin kududdufi a lokaci guda, ka lura da inda da'irorin ruwan suka haɗu. Inda tozon wannan ya hau tozon waccan, ruwa yakan tashi ninki biyu. Inda tozon wannan ya faɗa kwarin waccan, sai su kashe juna, ruwan ya kwanta kamar ba a jefa komai ba. Wannan shi ne karon igiyoyi. Ƙwayoyi ba sa iya yin haka, don ƙwaya a kan ƙwaya ƙaruwa kawai take yi. Saboda haka tambayar da za ta raba gardama ita ce: za a iya ƙara haske a kan haske a samu duhu?

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido. Abin da ya rage shi ne a san mene ne wannan abu mai tafiya. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ce igiya ne, ya wallafa ra'ayinsa a 1690. Isaac Newton a 1704 ya karkata ga ƙwayoyi, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Sauti igiya ne, shi ya sa kake jin muryar wanda ke bayan katanga ko da ba ka ganinsa, igiyar tana lanƙwasa ta zagayo. Haske kuwa miƙe yake tafiya, yana barin inuwa mai kaifin baki. Newton ya ga da igiya ne, da shi ma ya zagayo katangar. Kusan shekara ɗari maganarsa ce ke ci.

Haske yana lanƙwasawa, sai dai kaɗan ne ƙwarai, kuma dalilin yana ga tsawon zangonsa. Duk wanda ya taso yana kama sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare a gajeren zango ya san "mita 25" da "mita 31". Wannan lamba ita ce nisa daga tozo zuwa tozo na igiyar rediyon. Na tashoshin FM kimanin mita 3 ne. Na muryar mutum yakan kai wajen mita ɗaya. Na jan haske kuwa nanomita 700 ne, wato igiyoyi kusan 1,400 a jere cikin milimita ɗaya, na shunayya kuma nanomita 400. Igiya tana lanƙwasa sosai ne idan abin da ta ci karo da shi bai fi zangonta girma da yawa ba. Ƙofar ɗaki daidai take da zangon murya, amma ta yi wa haske faɗi fiye da kima. Mai son ya ga haske ya lanƙwasa sai ya nemi tsaga siririya kamar gashi.

Abin da Thomas Young, wani likita ɗan Ingila, ya yi ke nan a farkon shekarun 1800. Ya raba haske ɗaya gida biyu ya bar su suka sake haɗuwa a kan allo. Yau ana yin gwajin da tsaga biyu sirara, dab da juna. Da ƙwayoyi ne irin na Newton, da an ga layi biyu na haske, kowanne daura da tsagarsa. Abin da ke fitowa jerin layuka ne, haske, duhu, haske, duhu. Ka sa ido a kan layin duhu guda, ka toshe tsaga ɗaya, sai wurin ya yi haske. Ka buɗe ta, sai ya koma duhu. An ƙara haske a kan haske an samu duhu, domin a wannan wurin tozon da ya biyo ta tsagar hagu yana isowa tare da kwarin da ya biyo ta dama.

Ina son labarin abin da ya biyo baya, don yana nuna wa ɗalibai yadda ake yanke hukunci a kimiyya. A 1817 cibiyar masana kimiyya ta Faransa ta sa gasa kan lanƙwasar haske. Augustin Fresnel, injiniyan hanyoyi, ya shiga da lissafin igiya. Siméon Poisson, ɗaya daga cikin alƙalan kuma mai ra'ayin ƙwayoyi, ya bi lissafin ya gano cewa idan Fresnel na da gaskiya, to dole a samu ɗigon haske a tsakiyar inuwar faifai mai zagaye. Ya kawo wannan a matsayin abin da hankali ba zai ɗauka ba. François Arago ya je ya gwada, ɗigon yana nan a tsakiyar inuwar. A 1850 Léon Foucault ya auna ya ga haske ya fi tafiya a hankali cikin ruwa fiye da cikin iska, abin da lissafin igiya ya faɗa, alhali na Newton ya faɗi akasinsa. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. A 1887 Heinrich Hertz a Jamus ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwajinsa ya tabbatar da lissafin Maxwell. Kowa ya ɗauka an gama magana.

A cikin waɗannan gwaje-gwajen na Hertz ɗin ne matsalar ta fara leƙowa. Ya lura tartsatsin wuta ya fi saurin tsallaka tsakanin ƙarafa biyu idan hasken altirabayolet ya sauka a kansu, wato hasken da zangonsa ya fi na shunayya gajarta, wanda ido ba ya gani. Daga baya aka gane hasken yana fizgo elektiron ne daga ƙarfen. Philipp Lenard ya auna abin a 1902, sakamakon kuma ya ƙi bin dokar igiya. Ga abin da igiya ta ce ya kamata a gani: idan ka ƙara ƙarfin haske, elektiron su fito da gudu fiye da da, idan hasken ya yi rauni, a ɗan jira elektiron ya tara kuzari kafin ya fita, launi kuma bai kamata ya zama shi ne sharaɗi ba. Duka ukun sun faɗi. Ƙara ƙarfin haske yana ƙara yawan elektiron ne kawai, gudun kowanne yana nan yadda yake. Babu jira, ko da hasken ya yi rauni ƙwarai. Launi kuma shi ne komai. Ɗauki tutiya, ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi. Haska mata jan haske mai ƙarfi, babu elektiron da zai fita. Haska mata altirabayolet mai rauni wanda zangonsa bai kai nanomita 290 ba, nan take za su fara fita.

Albert Einstein ya warware wannan a 1905, yana ɗan shekara 26. Max Planck a ƙarshen 1900 ya riga ya ga cewa lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya daidaita sai an ɗauka ana musayar kuzari a dunƙule-dunƙule, amma shi bai ɗauki hasken kansa a matsayin dunƙule ba. Einstein ya ce hasken kansa haka yake, kuma kuzarin kowane dunƙule shi ne E = hf, inda f take yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa, h kuma lambar Planck. Elektiron ɗaya, dunƙule ɗaya yake karɓa. A ma'aunin ƙaramin kuzari na eV da ke littafinku, fizgo elektiron daga tutiya yana bukatar kimanin 4.3. Dunƙulen jan haske yana ɗauke da kimanin 1.8, na shunayya kimanin 3.1. Ko ka turo jajaye biliyan, kowanne shi kaɗai yake zuwa ya gaza. Na altirabayolet mai zangon nanomita 250 yana ɗauke da kusan 5, sai ya biya 4.3, ragowar ta zama gudun elektiron. A 1926 ne Gilbert Lewis ya kawo sunan foton.

Ka nuna wa ɗalibarka wani abu a cikin E = hf. E kuzarin ƙwaya ɗaya ne, f kuwa yawan kaɗawar igiya ce. Ba za ka iya faɗin kuzarin foton ba sai ka ambaci igiya. Tun daga layin farko na lissafin, abubuwan biyu a ɗaure suke.

Masana ba su karɓa da wuri ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin layukan Young da ɗigon Arago suna nan ba su je ko'ina ba. A 1913, lokacin da Planck da abokansa suka rubuta takardar neman a ɗauki Einstein cikin cibiyar masana ta Balin, sun yaba masa ƙwarai, sannan suka nemi a yi masa uzuri kan batun dunƙulen haske, wai a nan ya zarce. Robert Millikan a Amurka ya shafe kusan shekara goma yana gwaji da tunanin zai nuna kuskuren Einstein. A 1916 ya wallafa sakamakon da ya dace da lissafin Einstein tsaf, har ya fitar da lambar Planck daga ciki. Kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein, a kan wannan doka aka ambace shi. A 1923 Arthur Compton ya harba hasken eksire, irin na hoton ƙashi, a kan elektiron, ya ga hasken yana dawowa da zango mai tsawo fiye da yadda ya tafi, daidai gwargwadon abin da za a samu idan abubuwa biyu ne suka yi karo ɗaya ya ba ɗaya wani kaso na kuzarinsa. Niels Bohr, babban masanin fiziks na ƙasar Denmak, da kansa bai sallama ba sai 1925.

Yanzu ga gwajin da na yi maka alkawari. Koma ga tsaga biyu na Young, amma ka rage hasken har ya zama foton ɗaya ne ke wucewa a lokaci guda, a madadin allo kuma ka sa kyamara mai iya jin foton ɗaya. Foton na farko ya wuce: ɗigo ɗaya ya bayyana, a wuri ɗaya. Ba a ganin wani haske mai rauni da ya bazu a dukan allon. Na biyu ya wuce: wani ɗigon a wani wurin. Bayan ɗigo 50 ba ka ganin wani tsari, kamar an watsa su ne kawai. Bayan dubbai sai layukan su fara fitowa, haske, duhu, haske, duhu, irin na Young. Akwai wuraren da foton ba ya taɓa sauka muddin tsaga biyun a buɗe suke, alhali idan ka toshe ɗaya yana sauka a wurin. Kuma tun da ɗaya-ɗaya suke zuwa, ba za a ce foton biyu ne suka yi karo ba. Tun 1909 Geoffrey Taylor na jami'ar Kambirij a Ingila ya yi wani abu makamancin haka da haske mai rauni ƙwarai, har ɗaukar hoto guda ta ci masa kusan wata uku, layukan kuma suka fito.

Masu bin diddigi za su ce, ai fizgo elektiron daga ƙarfe shi kaɗai bai isa hujja ba, don ana iya bayyana yawancinsa da cewa ƙarfen ne ke karɓar kuzari a dunƙule, haske kuma igiya ce zalla. Suna da gaskiya, kuma an amsa musu. A 1986 Philippe Grangier da Gérard Roger da Alain Aspect a Faransa suka samar da foton ɗaya-ɗaya, suka tura su kan madubin da ke barin rabin haske ya wuce ya mayar da rabi, suka ajiye na'urar ji a kowane ɓangare. Igiya zalla za ta rabu biyu, na'urorin su riƙa kaɗawa tare. Abin da aka gani shi ne ko wannan ta kaɗa ko waccan, kusan ba sa haɗuwa. Foton bai rabu ba. Sai suka cire na'urorin, suka sake haɗa hanyoyin biyu da wani madubin, da irin waɗannan foton ɗin. Karon igiyoyi ya bayyana sarai: ɗan ƙara tsawon hanya ɗaya yana sauya ƙofar da foton zai fita. Ga foton da ba ya rabuwa, ga kuma hanyoyi biyu da duka suke da hannu a inda zai fita.

Ma'anar wannan igiya, Max Born ne ya fara bayyana ta a 1926. Igiyar ita ce ke ba da yiwuwar samun ƙwayar a kowane wuri. Inda igiyar ta yi ƙarfi, yiwuwar saukar foton tana da yawa, inda tozo da kwari suka kashe juna, yiwuwar sifili ce. Ba wanda zai iya faɗa maka inda foton na gaba zai sauka, amma ana iya faɗin yadda miliyan ɗaya za su rarrabu ba tare da kuskure ba. Idan foton suka yi yawa sai ɗigogin su haɗe, ido ya ga haske mai santsi, lissafin Maxwell ya yi aiki daidai. Ƙaramar leza ja ta aljihu mai ƙarfin miliwat ɗaya tana fitar da foton kimanin 3 da sifili 15 a bayanta a kowace daƙiƙa. Shi ya sa aka yi ƙarni guda ana aiki da igiya ba a ga ƙwayoyin ba.

Batun kallo kuma, a nan ake yawan ɓatar da mutane, musamman a bidiyoyin da ake yaɗawa a waya. Gaskiya ne idan ka sa wata na'ura da za ta nuna ta wace tsaga foton ya bi, layukan za su ɓace. Amma idon mutum ko tunaninsa ba su da hannu a ciki. Don a san hanyar da foton ya bi, dole ya bar alama a jikin wani abu, ko na'ura, ko ƙwayar zarra guda, ko kuma a canja wani abu a jikinsa shi kansa wanda zai bambanta mai bin hagu da mai bin dama. Da zarar hanyoyin biyu sun bambanta ta wannan fuska, igiyoyinsu ba sa ƙara kashe juna. Ko an kulle ɗakin kowa ya tafi gida, ko ba a taɓa duba abin da na'urar ta rubuta ba, layukan sun ɓace. Kuma abin yana da mataki-mataki: alama mai rauni tana dusashe layukan kaɗan, alama mai ƙarfi tana share su gaba ɗaya, an kuma auna wannan. Ina roƙonka ka ja kunnen ɗalibai kan masu ɗaukar wannan gwaji su gina masa maganar cewa tunanin mutum ne ke halitta abin da ke faruwa. Gwajin bai faɗi haka ba.

Akwai inda masana suka saɓa har yau, wato me ke faruwa da foton tsakanin tashinsa da saukarsa. Bohr da mabiyansa sun ce tambayar ba ta da ma'ana sai an faɗi gwajin da za a yi. David Bohm a 1952 ya farfaɗo da ra'ayin cewa akwai ƙwaya mai hanya ɗaya da igiya ke jagoranta. Hugh Everett a 1957 ya kawo wata fassarar daban. Saɓaninsu a kan fassara ne, lambobin da suke tsammani a gwajin tsaga biyu iri ɗaya ne. Lissafin haske da elektiron da Paul Dirac ya fara a 1927, wanda Feynman da Schwinger da Tomonaga suka kammala a ƙarshen shekarun 1940, ya dace da gwaji zuwa fiye da lambobi goma a wasu ma'aunai. Kada ɗalibi ya fita aji da tunanin cewa abin hasashe ne.

Kuma wannan hali bai tsaya ga haske ba. Louis de Broglie a 1924 ya ce idan igiya tana da ƙwaya, to elektiron ma yana da igiya. A 1927 Davisson da Germer a Amurka, da George Thomson a Sikotilan, suka ga elektiron yana karon igiyoyi. Mahaifin George ɗin, J. J. Thomson, shi ne ya gano elektiron a matsayin ƙwaya a 1897, ya karɓi Nobel a 1906, ɗan kuma ya karɓi tasa a 1937 don nuna igiyarsa. A 1989 Akira Tonomura da abokansa a kamfanin Hitachi na Japan suka nuna elektiron suna sauka ɗigo-ɗigo har layuka suka fito. A 1999 a Biyana ta ƙasar Ostiriya aka yi da dunƙulen ƙwayoyin zarra 60 na kabon.

Yara sun fi riƙe abin da suke taɓawa, kuma wannan darasi yana kewaye da su. Launukan da ke bayyana a kan ruwa mai maiƙon man inji da ya kwanta a garejin bakanike bayan an yi ruwan sama karon igiyoyi ne: hasken da ya dawo daga saman man da wanda ya dawo daga ƙasansa suna kashe wani launi su ƙarfafa wani, gwargwadon kaurin man. Farantin sola da ke kan rufin gidaje da fitilun titi kuwa foton yake ƙirgawa. Silikon, sinadarin da ake yin farantin da shi, yana bukatar kimanin 1.1 eV don ya saki elektiron, saboda haka duk foton da zangonsa ya wuce kimanin nanomita 1,100 ba ya ba da wuta komai yawansa, wanda kuma kuzarinsa ya zarce, ragowar zafi take zama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa farantin da ake sayarwa a kasuwa yake mayar da kusan kashi 20 cikin ɗari kawai na hasken rana zuwa lantarki. Hoton waya da aka ɗauka da dare yakan fito da tsaki-tsaki, kuma babban dalili shi ne ƙarancin foton. Idan kowane ɗigon kyamara ya samu 10,000, bambancinsa da maƙwabcinsa kimanin 100 ne, kashi ɗaya cikin ɗari, ido ba ya gani. Idan 100 ya samu, bambancin kimanin 10 ne, kashi goma cikin ɗari.

Wannan doka ce kuma ke amsa fargabar da ake yi kan turakun sadarwa. Foton na igiyar waya bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na kuzarin foton na koren haske ba, don haka ba ya iya karya haɗin ƙwayoyin zarra a jikin mutum. Abin da igiyar rediyo mai ƙarfi za ta iya yi shi ne ɗumama. Wanda ke iya lalata ƙwayoyin fata shi ne altirabayolet na rana, shi ya sa 'yan'uwanmu zabaya suke bukatar hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya fiye da kowa. In akwai irin wannan yaro a ajinka, wannan darasin ya shafi lafiyarsa kai tsaye.

A jarrabawa, idan an ce su kawo shaidar igiya, su rubuta karon igiyoyi da lanƙwasar haske. Idan an ce shaidar ƙwaya, su rubuta fizgo elektiron daga ƙarfe da gwajin Compton. Wannan shi ake nema. A aji kuwa ka ba su jimlar da ta fi gaskiya: igiya tana faɗin inda foton zai iya sauka, foton kuma yana sauka dunƙule guda.

Kana iya nuna musu duka biyun cikin darasi ɗaya ba tare da ɗakin gwaji ba. Nemi ƙaramar leza ja irin ta aljihu, ka gargaɗe su kada a haska ta a idon kowa. Yanke taga a jikin kwali, ka miƙe silin gashi guda a tsakiya ka manne shi da salatif. Rufe tagogin aji, ka haska lezar a kan gashin daga nisan mita 3 da bango. Za su ga ɗigo mai ƙarfi a tsakiya da jerin gajerun layuka a hagu da dama, da duhu a tsakaninsu. Su auna tazara daga duhu zuwa duhu a gefe guda. Kaurin gashin shi ne zangon hasken, nanomita 650, sau nisan bangon, a raba da wannan tazarar. Idan tazarar ta fito santimita 2.8, kaurin gashin kimanin milimita 0.07 ne, kuma sun auna shi da rular aji.

Na biyun, nemi carbi irin mai haske a duhu, ka ajiye shi cikin akwati rufaffe tun daren jiya don ya huce sarai. A cikin duhun ajin, haska masa jar lezar minti guda, ka kashe. Ba zai yi haske ba. Sai ka haska masa ƙaramar tocilan mai shuɗin kwai, ko irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita, na daƙiƙa biyu kawai, ka kashe. Zai kama haske kore nan take. Kafin ka yi bayani, ka tambayi ɗalibarka me ya sa jan hasken da ya fi daɗewa a kan carbin bai yi komai ba, ka bar ta ta lissafa kuzarin foton na kowane launi da E = hf a kan allo.